Ranar da Fijo ta kai amarya Miriya

Fijo 504 ce, gadon mahaifina, ta girmi duk ƴaƴana. Ana gobe za a kai ƴar ƙanwata ɗakinta a Miriya sai ta fara nauyin tashi, ga shan mai kamar ba saye ake ba. Na kai ta wurin wani tsohon makaniki a Sabon Gari, nan Damagaram.

Ya saurari injin ya ce wuta ce ta goce. Buji, mai kunna mai a cikin injin, in ji shi, sai ya ba da wuta gab da fiston ya kai ƙololuwa. In wutar ta riga lokaci, injin ya dinga ƙas-ƙas a hawa, wajen tayarwa ma ya yi tutsu. In ta makara, ƙarfi ya tafi, ruwa ya tafasa, sauran man ya je ya fashe a salansa. Ya buɗe dalko, abin da ke raba wa buji wuta, ya daidaita bakin filatin, ƴan ƙarafan da ke katse wutar a cikinsa, ya bi wayoyin buji yana ƙirga 1, 3, 4, 2. Fitilar awo? Ya ce shi kunnensa ya fi ta. Ya sassauta notin dalko yana murɗa shi kaɗan-kaɗan, ido a rufe, har injin ya kwantar da murya. Ana cikin haka aka kira sallar la'asar. Ya ce wa yaronsa, "Kai, ɗaure notin nan." Yaron kuwa hankalinsa na kan waya. Na biya jika biyu na tafi ina ta sa albarka.

Kashegari na kwashi amarya da gwaggonni huɗu da kwalla a but. Tafiyar ba ta kai kilomita ashirin ba, amma kowane rami muka faɗa sai dalko ya ɗan juya abinsa. Mota ta fara ja da ƙyar, har ɗan kabu-kabu mai goyon buhun gero ya wuce mu yana ɗaga min hannu. Gwaggo Babba ta ce, "Ɗan nan, jana'iza muke rakiya ne?"

Na taka mai, na saki. Sai tau! Amarya da ke kukan al'ada ta yi tsit, ta koma salati na gaske. Wani jaki ya watsar da itacensa ya yi daji, mai shi na bin sa yana waiwayowa yana yi min daƙuwa. Na tsaya na ɗaga bonet, na kai hannu zan gyara waya injin na aiki, wuta ta fizge ni har hulata ta faɗi. Gwaggonni ba wadda ta ce sannu, sai dai "a yi sauri, magariba na yi."

Haka muka shiga Miriya, kowane lungu tau, kowace kwana tau-tau. Muna isa ƙofar gidan ango ta saki uku a jere ta mutu. Sai guɗa ta kaure, maroƙi ya ɗaga murya: "Dangin amarya sun zo da ƴan bindiga! Damagaram ba ta wasa!"

Ina goge gumi uwar ango ta matso ta damƙa min goro. Ta ce ƙanen angon ma bikinsa bayan Sallah ne, nawa nake karɓa in an haɗa da harbin?