Ko Na'urar Keta Zamani Ta Kai Ka Urushalima, Gani Ba Zai Kori Shakka Ba

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da marubuta suka daɗe suna komawa gare shi: a ƙera na'urar da ke mayar da mutum baya cikin tarihi, sannan a tura wani zuwa Urushalima ta zamanin Yesu Almasihu. Wani lokaci masanin kimiyya ne da ya daina zuwa coci tun yana saurayi, wani lokaci soja ne ɗauke da umarnin sirri, wani lokaci kuma mugu ne da ya ƙudurta kashe manzo Bulus kafin ya rubuta wasiƙa ko ɗaya. A bayansa akwai masu farautarsa, kwanakinsa a can ƙidayayyu ne, ƙofar dawowa kuma za ta rufe in ya yi jinkiri. Labarai ne masu hana mutum barci sai ya ga ƙarshensu. Ina son su ƙwarai, shi ya sa nake jin takaicin inda da yawansu ke tuntuɓe.

Inda suke tuntuɓen shi ne sun ɗauki na'urar a matsayin hanyar ɗebo hujja. Jarumi ya tafi da shakka, ya ga mu'ujiza da idonsa, ya durƙusa, ya dawo mai bi. Ko kuma akasin haka: ya tafi da bangaskiya, ya tarar babu komai, ya dawo ya watsar. Marubuci na farko yana ganin ya kare addini, na biyu yana ganin ya tona asiri, alhali dukansu a kan zato ɗaya suka gina, wato da a ce muna wurin da maganar ta ƙare. Wannan zaton ne nake musu da shi, kuma Linjila da kanta ta riga ni musun.

Kafin in je can, sai in yi wa masu wannan buri adalci. Addinin Kirista ya jingina kansa da tarihi fiye da yadda mutane da yawa suke lura. A cikin kalmar shaidar bangaskiya da ake karantawa a coci-coci akwai sunan wani gwamnan Romawa, Fontiyus Bilatus, mutumin da ya mulki Yahudiya daga wajen shekara ta 26 zuwa 36. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa in ba a ta da Almasihu daga matattu ba, to wa'azinsu banza ne, bangaskiyarsu ma banza ce. Addinin da ya ce wani abu ya faru a wani gari, a wata Juma'a, ƙarƙashin wani gwamna, shi ne ya buɗe ƙofar tambayar: to, in na koma can, me zan gani? Tun da H. G. Wells ya fitar da labarinsa na na'urar zamani a 1895, ba makawa wata rana wani ya juya akalarta zuwa Golgota, wurin da Linjila ta ce an gicciye Yesu. Ba na ganin wannan a matsayin rashin ladabi. Ƙishirwa ce ta gaske, kuma mai bi yana jin ta kamar yadda marar bi yake ji.

Amma duba abin da ya faru da waɗanda suke wurin. Mutanen da suka ci gurasar da aka ciyar da dubbai, bayan ɗan lokaci da yawansu sun juya baya. Yahaya Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu da hannunsa, daga kurkuku ya aika a tambaye shi ko shi ne mai zuwan ko a jira wani. Almajirai biyu sun yi tafiya da shi a hanyar Imuwasu, suna hira har yamma, ba su gane shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa yana ƙarshen Bisharar Matiyu, sura ta 28 aya ta 17: almajirai goma sha ɗaya sun gan shi a kan dutse a Galili bayan tashinsa, sun yi masa sujada, sai marubucin ya ƙara da cewa waɗansu sun yi shakka. Yana tsaye a gabansu. Babu na'urar da za ta kai mutum kusa fiye da haka, kuma shakkar tana nan. Muna cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne a kasuwa da kotu, amma waɗannan mutane sun gani sun ji, zuciyarsu ba ta daina rawa ba. A misalin attajiri da Li'azaru ma an faɗe shi ƙarara: wanda bai saurari Musa da annabawa ba, ko wani ya tashi daga kabari ba zai gamsu ba.

Masanin falsafar nan na ƙasar Denmak, Kierkegaard, ya yi wannan muhawara tun 1844. Ya ce wanda ya yi zamani da Yesu bai fi na baya wata dama ba, domin abin da ido zai nuna masa mutum ne mai ƙura a ƙafa, mai jin yunwa da gajiya. Cewa wannan mutumin Allah ne cikin jiki, kamar yadda Kirista suka gaskata, ba abu ne da ido ke ɗauka ba. Marubucin da ya fahimci wannan zai gane cewa na'urarsa ba ta warware masa komai ba. Ta dai ɗauke jaruminsa daga shakkar mai karatu ta jefa shi cikin shakkar mai kallo, kuma ta biyun ta fi zafi, don babu sauran uzurin cewa ban gani ba.

Marubucin Jamus Andreas Eschbach ya kama wannan a littafinsa na 1998. Masu tonon kayan tarihi a Isra'ila suka ci karo da ƙwarangwal mai shekara dubu biyu, tare da takardar bayanin wata kyamarar bidiyo da ba a ma fitar da ita kasuwa ba tukuna. Daga nan aka shiga tsere: attajiri na neman faifan, coci na nemansa, matasan da suka gano shi na gudun ceton rai. Duk kayan labarin bugun zuciya sun haɗu. Da aka kai ga kallon faifan kuwa, masu kallon ba su tashi da magana ɗaya ba. Wani ya girgiza har rayuwarsa ta canza, wani bai ga abin a zo a gani ba. Da Eschbach ya sa faifan ya rufe bakin kowa, da ya lalata littafinsa a shafi na ƙarshe.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi sana'ar rubutun kanta, wadda nake ganin ita ce mafi daɗin tattaunawa. Labarin bugun zuciya yana rayuwa ne a kan ceto. Za a kashe marar laifi, jarumi yana da bindiga da sanin abin da zai faru, mai karatu yana ta cewa yi sauri, yi sauri. Yanzu kai wannan jarumin gonar Getsamani a daren da aka kama Yesu. Duk jininsa, duk ƙa'idar irin wannan labari, suna ce masa ya hana. Amma a aƙidar Kirista gicciye shi ne ceton, don haka wanda ya hana shi ya rusa abin da ya zo karewa. Kuma an riga an gwada. Da Yesu ya faɗi cewa za a kashe shi, almajirinsa Bitrus ya ja shi gefe ya ce faufau wannan ba zai same shi ba, sai ya sha tsawa mafi zafi da aka yi wa wani almajiri, har aka kira shi Shaiɗan. A gonar ma ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, aka ce masa ya mayar da shi kube. Matafiyin zamani mai makami a aljihu Bitrus ne na biyu. Jarabarsa ita ce ya yi abin da yake gani alheri ne. Marubucin da ya tsaya a kan wannan, ya bar mutumin kirki yana kallon zalunci da hannunsa a kan makami, yana tambayar kansa ko shirunsa biyayya ce ko tsoro, ya sami abin da ya fi kowace tseren mota sa zuciya bugawa. Abin baƙin ciki, da yawa sukan kauce wa wannan wuri, su ƙirƙiro wani ɗan ta'adda da za a bi a guje, don harbin mugu ya fi sauƙin rubutawa.

Wani gajeren labari na Garry Kilworth da ya fito a 1975 ya bi ta wata hanya mai sanyaya jiki. Kamfanin yawon buɗe ido yana kai mutane kallon gicciye. An gargaɗe su kada su canza tarihi: in Bilatus ya tambaya wa za a saki, Yesu ko wani fursuna mai suna Barabbas, su yi ihu tare da jama'a su ce Barabbas. Suka yi. Sai ɗaya daga cikinsu ya duba hagu da dama, ya gane cewa taron nan duka 'yan yawon buɗe ido ne irinsa, mutanen garin suna cikin gidajensu. A 'yan shafuka ya faɗi abin da waƙoƙin Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye, suke faɗa a coci shekara da shekaru, cewa babu ɗan kallo a Golgota. Ya kuma kuɓutar da labarin daga tsohuwar cutar ɗora laifin a kan Yahudawa, cutar da ta jawo zubar da jini mai yawa a tarihin Turai.

Littafin da na fi ganin ya yi wa bangaskiya da shakka adalci ma bai je Urushalima ba. Connie Willis, a littafinta na 1992 da ya ci lambobin yabo na Hugo da Nebula, ta tura wata ɗalibar tarihi mai suna Kivrin daga Oksfod ta shekarar 2054 zuwa wani ƙauyen Ingila. An nufi 1320, kuskure ya sauke ta a 1348, shekarar da annobar nan da ta share wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai ta shiga ƙasar. An yi mata rigakafi, don haka ba za ta mutu ba. Za ta dai zauna ta ga kowa ya mutu, har da yara. Limamin cocin ƙauyen, mutum marar zurfin karatu, ya ga saukarta, ya ɗauka waliyyiya ce Allah ya aiko. Ita ta san ba haka ba ne. Ta san sunan cutar, ta san yadda take yaɗuwa, ba ta da magani. Tana da na'urar naɗar murya a hannunta wadda ke aiki in ta haɗa tafukanta kamar mai addu'a, kuma tana ta magana da malaminta da ke can gaba da shekara ɗari bakwai, ba ta san ko yana ji ba, ba ta san ko zai zo ba. Willis ba ta yi wa'azi ba, ba ta sa wata mu'ujiza ta tsayar da annobar ba. Duk da haka tambayar Ayuba, wato me ya sa marar laifi yake shan wahala, tana cikin kowane shafi, kuma mai karatu ba zai iya cewa limamin ya yi kuskure gaba ɗaya ba, tunda matar ta zo, ta yi jinya, ta binne matattu, ba ta gudu ba.

Za a iya ce mini ai akwai almajiri Toma, wanda ya ce ba zai yarda Yesu ya tashi ba sai ya sa yatsa a gurbin ƙusa, kuma aka nuna masa, ya ba da gaskiya. Haka ne, kuma ina ganin Toma shi ne uban duk waɗannan jarumai. Sai dai a lura da abu biyu. Toma bai ƙera hanyar zuwa ba. Zama ya yi cikin 'yan'uwansa mako guda da shakkarsa, ba a kore shi ba, har aka zo masa. Haka ma tsohon labarin samarin nan na Afisa da suka ɓuya a kogo lokacin tsanantawar sarki Desiyus wajen shekara ta 250, suka farka a wani zamani da tsohon kuɗi a hannu, labarin da Musulmi suka sani da Ashabul Kahfi: su ma sun keta zamani, amma ɗaukarsu aka yi, akalar ba ta hannunsu. Na'ura kuwa tana mayar da akalar hannun mutum, ta mai da Allah abin da za a je a bincika a ranar da aka ga dama. Abu na biyu, maganar da aka yi wa Toma a ƙarshe albarka ce ga waɗanda ba su gani ba suka gaskata, wato masu karatun da marubucin nan na zamani yake rubuta wa littafinsa. In ya ce musu bangaskiyarsu ba ta cika sai da bidiyo, ya rage musu abin da aka ba su.

Wannan ya kawo ni ga wurin da kowane irin wannan labari yake son zuwa, bakin kabari da asubahin Lahadi. Jarumi ya ɓuya a bayan dutse da kyamara, yana jira. Ina roƙon marubuta su yi tunani sosai kafin su rubuta wannan babi. Matiyu, Markus, Luka da Yahaya, babu ɗayansu da ya kwatanta ainihin lokacin tashin. Sun ba da labarin kabari wofi, da likkafani a ajiye, da mata a firgice, da bayyanuwa daga baya. Akwai wani tsohon rubutu da ake kira Bisharar Bitrus, wanda aka tono guntunsa a Akhmim ta ƙasar Masar a wajen 1886, shi ne ya yi ƙarfin halin nunawa: mutane biyu da kawunansu suka kai sama suna tallafe da na uku da ya fi su tsawo, gicciye yana biye da su har yana amsa magana. Ikilisiya ta san wannan rubutu tun ƙarshen ƙarni na biyu, lokacin da Serafiyon, bishop na Antakiya, ya hana karanta shi, kuma bai shiga Littafi Mai Tsarki ba. Waɗanda suka fi kowa kusa da abin sun bar wannan sa'a a rufe, kuma duk marubucin da na ga ya buɗe ta da hasken lantarki da girgizar ƙasa, abin da ya fito masa ya fi kama da Bisharar Bitrus fiye da sauran huɗun.