Alhaji Bakano da Babur Mai Fukafukai

A watan Nuwamba na 2021 harkar fata ta kai Alhaji Bakano birnin Milan na ƙasar Italiya. Ya daɗe yana tura wa masu ɗinka takalma da jakunkuna na can jemammiyar fatar awaki, amma bai taɓa taka ƙasar ba sai wannan karon. Tafiyar ta haɗa shi da abokin wasansa Malam Bazazzagi, wanda ya ce shi taro ya zo, ko da yake har aka koma gida ba wanda ya ga ƙofar zauren taron. Ɗan ƙanwar Alhaji da ke karatu a can, wanda ake kira Ɗan Boko, shi ne tafinta. Ranar da ba ciniki sai ya ja su zuwa EICMA, babban bajekolin babura da ake yi a Rho, gefen Milan. Kowa da takunkumi a hanci saboda korona. Alhaji ya cusa rigar sanyi biyu, ya ɗora babbar riga ta shadda a kai.

ALHAJI: Kai ɗan nan, wannan kasuwar tasu ba dillalai ne? Tun da muka shigo ba wanda ya ja mini hannun riga.

ƊAN BOKO: Kawu, ba kasuwa ba ce, bajekoli ne. Tun 1914 ake yin sa. Kamfanoni ke kawo sababbin babura jama'a su gani.

ALHAJI: Su gani kawai? A biya kuɗin ƙofa, a kalla, a tafi?

BAZAZZAGI: Ka ji Bakano. Ko gidan namun daji aka kai shi sai ya taya zaki.

ALHAJI: In da mai saye a ƙasa, me zai hana? Kai da ka zo taron da ba kujera.

(Suka iso rumfar Moto Guzzi. Jama'a sun yi da'ira, fitilu sun haske wani babur, wani Bature mai siririn wando yana tsaye kusa da shi yana murmushi ta cikin takunkumi.)

ƊAN BOKO: Yauwa, wannan na kawo ku ku gani. Sunansa V100 Mandello. Ɗarin nan ta cikar kamfanin shekara 100 ce, don a 1921 aka kafa shi. Mandello kuma garin da masana'antar take, a bakin tafkin Komo.

ALHAJI: Shekara ɗari a gari ɗaya? Ba su taɓa tashi ba? Lallai mai gidan hayarsu mutumin kirki ne.

BAZAZZAGI: Wannan ungulun da aka liƙa a tankin fa?

ƊAN BOKO: Malam, mikiya ce. Abokai uku ne suka yi shawarar kafa kamfanin tun suna aikin soja a yaƙin duniya na ɗaya. Ɗayansu, Giovanni Ravelli, matuƙin jirgin sama ne, ya rasu a hatsarin jirgi kafin a fara. Sai sauran biyun, Carlo Guzzi da Giorgio Parodi, suka sa mikiya don tunawa da shi.

ALHAJI: Allah sarki. Ka ga amana. Da Zage-zagi ne, kafin sadakar uku sun raba hannun jarinsa.

BAZAZZAGI: Da Kanawa ne, mikiyar za su sayar.

BATURE (da yarensu, yana shafa tankin): Barka da zuwa. Kun gan ta? Kyakkyawa ce, ko?

ƊAN BOKO: Ya ce kyakkyawa ce.

ALHAJI (yana waiwaye): Wace? Ni da iyalina.

ƊAN BOKO: Babur ɗin yake nufi, Kawu. A Italiyanci babur mace ne.

ALHAJI: To gaya wa Malam, kodayake shi duk ɗaya ne a wajensa. Mutumin da zai ce maka "matana ya zo".

BAZAZZAGI: Mu ba mu ɓata lokaci kan ƙananan abubuwa. Yaro, tambayi Bature, wane irin aiki wannan mashin yake yi?

BATURE: Kowane iri! Ka so tsere a kan hanyar dutse mai lanƙwasa, zai yi. Ka so doguwar tafiya daga nan har Jamus ba tare da ciwon baya ba, zai yi. Ka so zuwa ofis da safe, zai yi. Babur biyu ne a jiki ɗaya.

ƊAN BOKO: Ya ce komai da ruwanka ne. Ga gudu, ga doguwar tafiya.

ALHAJI: Madalla, an zo wajen. Tunda komai yana yi, buhu nawa yake ɗauka?

ƊAN BOKO: Kawu...

ALHAJI: Tambaye shi mana! Na shinkafa, ba na gawayi ba.

ƊAN BOKO (ga Bature): Kawuna yana yaba kyan ƙirar, yana tambaya ko akwai wurin kaya.

BATURE: Sosai! Ana iya maƙala akwatuna biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kayan mutum biyu na hutun ƙarshen mako za su shiga.

ƊAN BOKO: Ya ce akwati biyu, da fasinja ɗaya.

ALHAJI: Ɗaya? Injin nawa ne?

ƊAN BOKO: Si-si 1042.

ALHAJI (ya fito da waya yana danne-danne): Tsaya. Boxer mai si-si 100 yana ɗaukar mutum huɗu da akuya a kan tanki, na gani da idona a hanyar ƙauyenmu. In aka bi lissafi, wannan mutum arba'in ya kamata ya ɗauka da awaki goma. Ina sauran ƙarfin yake tafiya?

ƊAN BOKO: A gudu, Kawu. Ƙarfin dawaki 115 gare shi.

ALHAJI: Dawaki ɗari da sha biyar! Ai wannan hawan Daushe ne. Wa zai ci da su? Ka san kuɗin harawa bana?

BAZAZZAGI: Awon ƙarfin inji ne, jahili. Ba dokin da za ka share wa turke.

ALHAJI: Na sani, gwada ka nake.

(Nan Bature ya taɓa wani abu, sai wasu ƙananan fukafukai biyu suka ɗago daga gefen tankin a hankali, kamar kunnen jaki ya ji motsi. Alhaji ya yi tsalle baya, ya taka ƙafar Bazazzagi.)

ALHAJI: A'uzu billahi! Ɗan nan, abin yana da rai!

BAZAZZAGI: Ƙafata ma tana da rai, ɗaga!

ƊAN BOKO: Kawu, ai saboda wannan ake ta ɗaukar hotonsa. Ba a taɓa sa wa babur na sayarwa irin wannan ba. In gudu ya yi gudu, fukafukan suna buɗewa da kansu su kare mai tuƙi daga iska. In an rage gudu su kwanta. Gilashin gaban ma da maɓalli ake ɗaga shi a sauke.

ALHAJI: To tashi yake yi?

ƊAN BOKO: A'a.

ALHAJI: Ga fukafukai, ga mikiya a jiki, amma ba ya tashi. Ashe jimina ce.

BATURE: Gaya masa sun rage bugun iska a jikin mai tuƙi da kashi 22 cikin 100. Mu mun san iska. Tun 1950 muke da ramin gwajin iska a masana'antarmu ta Mandello.

ƊAN BOKO: Ya ce suna tare kashi 22 cikin 100 na iskar.

ALHAJI: Sauran 78 ɗin fa, wa aka bar wa?

BAZAZZAGI: Babbar rigarka. Kai in ka hau wannan da shaddar nan, fukafukan banza ne. Kafin ka sa giya ta uku rigar ta cika da iska, babur ya nufi Jamus, kai ka sauka Agadas.

ALHAJI: Ko banza na rage kuɗin jirgi.

(Alhaji ya tattare riga ya durƙusa yana leƙen ƙasan babur ɗin. A nan fa ba wasa, ya san abin da yake dubawa, don kafin fata ta karɓe shi ya yi shekaru yana ba da babura haya, har zuwa 2013 da aka hana acaɓa a Kano. Injin ya fito da kawuna biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar ƙahon bajimi. Ya shafa bayan tayar, ya duba yatsunsa, ba ɗigon baƙin mai.)

ALHAJI: Ɗan nan, an yi wa Bature sata. Ba sarƙa.

ƊAN BOKO: Ba ya amfani da sarƙa, Kawu. Farfela gare shi kamar mota, tana cikin wancan hannun ƙarfen da ya riƙe tayar ta gefe ɗaya. Ba ɗaurin sarƙa, ba shafa mata mai.

ALHAJI: Wannan kam sun yi hankali. Sarƙa ta ci mini kuɗi ba kaɗan ba. To wannan lagireton fa? Babur da lagireto?

ƊAN BOKO: Da ruwa yake sanyaya inji. Shekara ɗari baburansu na sayarwa da iska suke shan sanyi, sai a wannan suka koma ruwa.

ALHAJI: Wato dawakin dai sai an shayar da su. Na faɗa, aka ce ni jahili ne. Ina kik?

ƊAN BOKO: Babu.

ALHAJI: Kafireto?

ƊAN BOKO: Babu. Kwamfuta ke auna mai.

ALHAJI: In ya mutu a daji fa? Bakanikena abu uku ya iya: ya hura fulogi, ya wanke kafireto, ya ce a tura. An ɗauke masa ɗaya, na biyun bai san inda aka ɓoye shi ba.

BAZAZZAGI: Saura turi. Ga shi ya haura kilo 200. Sai ka tara 'yan unguwa, ka yanka musu rago.

BATURE: Akwai tsarin tuƙi huɗu. Na doguwar tafiya, na tsere, na ruwan sama, da na titi. Ka zaɓa da yatsa, babur ya sauya hali.

ƊAN BOKO: Ya ce hali huɗu gare shi: tafiya, tsere, ruwan sama, titi.

ALHAJI: Ina na rami? Ina na ƙurar hunturu? Ina na ranar da ka hango mai binka bashi a danja?

BAZAZZAGI: Wannan shi ne na tseren.

ƊAN BOKO (ga Bature): Kawuna ya ce fasahar ta burge shi ƙwarai.

BATURE: Na gode! Kamfanin Piaggio ya zuba ƙoƙari sosai a kansa.

ALHAJI: Tsaya, tsaya. Wannan kalmar na ji ta ba tafinta. Piaggio ya ce?

ƊAN BOKO: E, tun 2004 Moto Guzzi yake hannunsu. Su ne masu Vespa.

ALHAJI: Allahu akbar! Vespa da na ɗauko uwargida da ita zuwa gidan hoto! Kuma ai sunan nan ne a goshin wasu adaidaita sahu. Ashe gida na zo. Gaya masa ni tsohon abokin cinikinsu ne. Gaya masa kuma ga shawara kyauta: su ƙara taya ɗaya a baya, su ɗora rumfa, su sa benci, su shafa ruwan ɗorawa. Fukafukan a mayar da su ciki su riƙa yi wa fasinja fifita.

ƊAN BOKO (ga Bature): Kawuna yana gaishe da shugabannin kamfani.

ALHAJI: Maganata ta fi haka tsawo.

ƊAN BOKO: Italiyanci gajere ne, Kawu.

ALHAJI: To a zo ga magana. Nawa ne gaskiyarsa?

BATURE: Ba a sa kuɗi ba tukuna. Sai baɗi zai shiga kasuwa. Wannan na nuni ne.

ƊAN BOKO: Ya ce ba na sayarwa ba ne, sai baɗi.

ALHAJI (ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Bazazzagi): Ka ji ɗan kasuwa! Haka nake cewa in na ga mai saye ya ƙyasa. Gaya masa yuro 2,000, kuɗi hannu.

BATURE: Me ya ce?

ƊAN BOKO: Yana tambayar inda banɗaki yake.

(Bature ya nuna hagu da hannu, ya ɗaga yatsu biyu, wato ƙofa ta biyu.)

ALHAJI: Ka gani? Ya ce in ƙara biyu. Ciniki ya fara faɗawa. Bari in hau in ji zamansa. Malam, riƙe mini hula. Ɗan nan, ɗauke ni hoto, ka tabbata mikiyar ta fito.

(Da taimakon mutum uku Alhaji ya haye. Babbar riga ta rufe tanki, ta rufe fukafukai, ta rufe mikiya, ba abin da ya rage a waje sai tayoyi da madubi. Ɗan Boko ya ɗauka. Alhaji ya karɓi wayar ya tura hoton zauren WhatsApp na gidansa, ya rubuta a ƙasa: "An kusa sallamawa." Ba a yi minti biyu ba waya ta ɗauki ƙara.)

UWARGIDA (ta waya): Alhaji, Allah ya sanya alheri. Na ga kujerar baya guda ɗaya ce. Na dai san wadda ta hau bayan Vespa lokacin da ba kowa.

ALHAJI: Hajiya, ai ba a...

(Wani kiran ya shigo a kai.)

AMARYA (ta waya): Alhaji, na ga baburinmu! Ranar da za ka dawo girkina ne, ka tuna. In sayi hular kwano kalar mayafina?

ALHAJI: Ina zuwa, ba sabis a nan.

(Ya kashe wayar, ya sauko a hankali, ya karɓi hularsa ya gyara mata zama. Ya daɗe yana kallon 'yar kujerar bayan.)

ALHAJI: Ɗan nan, tambaye shi, cikin halin nan huɗu akwai na rabon kwana?

ƊAN BOKO: Babu, Kawu.

ALHAJI: To ka ce masa albarka.

BAZAZZAGI: Mai kaya ke cewa albarka, ba mai saye ba.

ALHAJI: Yau na ara. Ina rumfar masu ƙafa ukun take?