Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Waɗanda suka riga suka ji labarin nan daga bakin ƙanin matata, don Allah ku ajiye nasa a gefe ku ji nawa. Ban yi kuka a zauren surukina Alhaji ba, kuma ba roƙo ne ya kai ni Jega ba.

Kun dai san tun bayan azumi likita ya ce kitse ya yi yawa a jinina, abin da suke kira kolestarol. Ya raba ni da man shanu da kitsen balangu, ya ɗora ni a kan wata ƙwaya mai suna simvastatin, guda ɗaya kullum da dare, wai da dare ne hanta ta fi haɗa kitsen. Muna zaune lafiya da ita, in ban da ɗan nauyin cinya da safe, wanda na ɗora wa babur. Ana saura kwanaki sunan jikan Alhaji sai tari ya kama ni. Shi kuma likitan gidanmu, wato ƙanin matata, kun san wanda nake nufi, mai farar rigar da har yau ba a gano asibitin da take aiki ba, ya zo Birnin Kebbi karɓar gudummawar rago. Ya ji ina tari, ya zaro wasu ƙwayoyi daga jaka ya ce in sha safe da yamma. Tari kam ya tafi, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai jikina ya koma kamar an kwana ana duka na da taɓarya.

Ranar suna muka matsu a mota ta Kalgo, muka isa an riga an shafa fatiha, zaure cike da dattawa. Na sha shaddata, na kafa hula, na tuɓe takalmi, na tsuguna gaban Alhaji yadda aka saba.

"Baba, ina kwananku? An tashi lafiya? Ya taro? Allah ya raya."

"Lahiya lau, Malam. Amin. Madalla."

To a nan ne ya kamata mutum ya miƙe ya ba na baya wuri. Na yunƙura, sai sha-raɓar dama ta ɗaure tamau, wani zafi ya taso daga dunduniya har bayan gwiwa. Na ce bari in mayar da nauyi hagu, cinyar hagu ta ce ba da ita ba. Na dafa tabarma da hannu biyu, na ɗago kai na yi wa Alhaji murmushi, na ce a raina in dai na ɗan jinkirta za ta saki.

"Baba, ya gona?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya shinkafar fadama? Ruwa bai ci ba bana?"

"Da sauƙi. Madalla, madalla."

Duk wanda ya yi zama da Alhaji ya san madalla biyu a jere sallama ce. Na sake yunƙurawa a asirce, cikin babbar riga, ba wanda ya gani. Ƙafa ta ƙara ɗaurewa. Na tambayi farashin taki. Na tambayi jan-baki, ko sun sauka a gonakin bana. Na tambayi lafiyar Hajiya, wadda na riga na tambaya. Na tambayi injin ban-ruwa. Jama'a, har jakin nan na tambaya, jakin da ni da kaina na yi wa Alhaji jajensa bara. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ai ya mutu, Malam." Na ce Allah ya mayar da alheri. Zufa ta tsattsafo daga ƙarƙashin hula ta bi ta bayan kunne.

Bayana kuwa layi ya taru. Mijin ƙanwar matata yana tsugune dab da ni, shi ma ba halin ya miƙe tunda babba bai miƙe ba, ina jin numfashinsa yana tsaki ƙasa-ƙasa. Wani tsoho a jikin bango ya gyaɗa kai ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfi don kunnensa ba ya ji sosai, "Wanga yaro akwai ladabi. Yaran yanzu tsaye su ka gaisuwa." Na ji daɗin maganar na ɗan lokaci, har na fara tunanin ko da mutunci za a rabu.

Sai na ga fuskar Alhaji ta sauya. Ya dube ni, ya dubi zufar, ya dubi hannayena da ke rawa a kan tabarma. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku ɗan ba mu wuri."

Ka ga dattawa masu shekara saba'in, tamanin, kowa ya miƙe cak, wani ko dafa ƙasa bai yi ba. Suka fita suka bar ni a durƙushe, suka tsaya a bakin zaure inda za su ji komai.

Alhaji ya matso, ya sassauta murya. "Malam, hwaɗa mini gaskiya. Wani abu ya haɗa ku da yarinyar?"

"A'a Baba, lafiya lau muke."

"Wurin aiki na?"

"A'a Baba."

"Bashi na?"

Ku gaya mini, da wane baki zan ce wa mutumin da har yau da ƙafa yake zuwa fadama wai ni ƙafata ta ƙi tashi? Sai na ji bakina ya ce, "Babu komai, Baba." Alhaji kuwa ya aurar da 'ya'ya da yawa, ya san abin da babu komai take nufi a bakin suruki mai zufa. Ya yi shiru, ya sa hannu a aljihun gaba, ya ƙirgo 'yan dubu-dubu, ya ninke, ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe wanga. Duniya ta gaji haka. Kar ka hwaɗa ma kowa."

Na ce, "Baba wallahi ba haka ba ne." Ya ce in karɓa, ba a mayar da hannun babba. Kuma ba a karɓar kyautar babba da hannu ɗaya. Hannayen nan biyu kuwa su kaɗai ke riƙe da ni a duniya. Na san abin da zai faru, na kuma ɗaga su.

Ban faɗi da sauri ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. A hankali na tafi, ina kallon faifan goro da dabino yana matsowa, ina da lokacin da zan yi tunanin ko in kauce dama ko hagu, ban kauce ko'ina ba. Goshi ya sauka a gefen faifan, faifai ya tashi, goro ya watse har ƙofa, hula ta gangara ta tsaya a kan ƙafar Alhaji. Sha-raɓa ta ga dama ta samu ta murɗe gaba ɗaya, na saki wata ƙara da ban san ina da ita ba. Dattawa suka ruɗo ciki suka tarar da ni kife a gaban surukina, kai babu hula, kuɗi a hannu, ido ya kawo ruwa. Ruwan zafin jijiya ne. Duk wanda jijiya ta taɓa ɗaure wa cikin dare ya san ruwan da nake faɗa.

Tsohon nan mai yabon ladabina shi ya fara cewa karaya ce, a nemo mota a kai ni Aliero wurin masu ɗori tun ƙashi bai huce ba. Wani ya ce ba karaya ba ce, iska ce, a ba shi wuri ya yi tofi. Wani yana tsince goro yana zubawa a aljihu, na gan shi, kuma na san shi.

Sai ga likitanmu ya ratso jama'a yana cewa a ba shi wuri, aikinsa ne. Ya kama ƙafata ya ɗaga ta sama a gaban kowa, ya danna yatsun zuwa wajen ƙwauri. Jijiya ta saki, ba zan musa ba, haka ake yi mata. Amma me ya kawo ɗaga ƙafar har saitin fuskarsa? Me ya kawo sanar da zaure cewa safata ta huje a babban yatsa? Yaron nan fa ni na biya masa kuɗin fom ɗin makarantar da yake taƙama da ita. Babur ɗina in ya ara, sai dai in tura shi zuwa gidan mai. Cajar wayata tana hannunsa tun bikin kamun kifi na Argungu, kullum sai ya ce tana cikin ɗaya jakar. In ka yi magana a ce ai ƙanin mata abokin wasa ne. Wane irin wasa ne kullum mutum ɗaya ke dariya? Kafin a sauke tukunyar rana ya riga ya aika saƙon murya a WhatsApp na dangi, har da kwaikwayon ƙarar da na yi, wai Yaya ya zo neman tallafi kunya ta kayar da shi. Har 'yan uwansu na Yauri sun kira suna yi wa matata jaje. Hajiya, wadda tsakanina da ita sai gaisuwa daga bayan labule, ta aiko yarinya da man zafi da kwanon fura, a ce in yi haƙuri, kowa da ranarsa. Matata ba ta ce mini uffan ba har muka wuce Kalgo, sannan ta ce, "Jakin ma sai da ka tambaya?"

Da zan shiga mota ma sai da ya biyo ni da shawara, wai in bar maganin Bature in riƙa shan ruwan garehul da safe, yana narkar da kitse.

Washegari na je wurin likita na gaskiya. Tambayarsa ta farko launin fitsarina, ko ya yi duhu irin na baƙin shayi. Na ce a'a. Ya ce to alhamdu lillahi, don in tsoka ta fara lalacewa sosai abin da take zubarwa a jini ƙoda yake tafiya ya cutar, ba kasafai ake ganin haka ba, amma wanda ya ga wannan launi kada ya kwana a gida. Ya sa aka ɗebi jini a auna lafiyar tsokar, sannan ya ce in faɗa masa duk abin da na haɗiya kwanan nan. Na zaro ragowar ƙwayoyin tari. Ya juya bayan takardar ya karanta, clarithromycin, ya cire tabarau ya ce wa ya ba ni. Na ce wani ɗan uwa. Ya ce ba a haɗa wannan da simvastatin. Hanyar da hanta ke bi ta sarrafa simvastatin ta fitar da ita, ita ce maganin tarin ke toshewa, sai ƙwayar ta taru a jini ta ninka, tsoka ta ɗauki hukunci. Na ce to garehul fa? Ya ce wa ya ce in sha? Na ce ɗan uwan nan dai. Ya ce garehul ma hanyar nan yake toshewa, in gaya wa ɗan uwan ya nemi wata sana'a. Wallahi na so a ce na ɗauki muryarsa a waya.

Ya ce in dakata da ƙwayar har jiki ya warware, sannan ya sauya mini wata 'yar uwarta, rosuvastatin, kaɗan, wadda ba ta cika bin waccan hanyar ba. Na ce ko a haƙura da su duka, ni da kitsena mu ci gaba da zama. Ya ce kitsen ba ya ciwo sai ranar da ya toshe jijiyar zuciya ko ya shanye wa mutum ɓarin jiki, in zaɓa.

Da ya tsaya a nan da mun rabu lafiya. Sai ya ƙara da cewa kada in sa sabuwar a raina, don an yi wani bincike a Landan a 2020 da mutum 60 da suka bar irin wannan magani saboda ciwon jiki, aka riƙa ba su wani wata ƙwayar gaske, wani wata ta bogi ba su sani ba, aka tarar kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon da suke ji, da ta bogin ma suna jin sa. Na ce likita, ni faifan goro na fasa da goshi a gaban surukina. Ya ce a'a, nawa daban ne, nawa da dalili, amma sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Yanzu shi wancan ya koma karanta abin a waya, yana ba da lacca a majalisar mai shayi, wai wani Bajapane Akira Endo ne ya fara samo irin maganin daga funfuna, don haka funfuna ce ta kama ƙafar Yaya. Zancen Bajapanen gaskiya ne, na tambaya, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Maganar ƙwayar tari kuwa ko sau ɗaya ba ta shiga laccar ba.

Kuɗin Alhaji suna nan a cikin durowa. Matata ta ce in mayar in yi bayani, na ce sai dai ta waya, ta ce ba a yi wa Baba bayani ta waya. Muna cikin wannan jayayya shekaranjiya sai ga mai mota daga Jega da rabin buhun shinkafa, wai in ji Alhaji, a rage zafi. Direban ya tsaya sai na biya kuɗin kaya, ya ce ba a biya daga can ba. Na ce wa ya loda? Ya ce wani mai farar riga.