Kiwon tarwaɗa a bayan gida: a yi lissafin ruwa kafin na riba

Kullum sai ka ga tallan nan a Facebook: sayi tamfol, zuba 'ya'yan tarwaɗa 1,000, bayan wata biyar ka zama mai kuɗi. Gaskiya ne tarwaɗa tana saurin girma, kuma tana da kasuwa. Amma masu tallan ba sa kawo zancen abinci, balle na ruwa.

Abinci kaɗai yana cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Kafin tarwaɗa ta kai kilo ɗaya ta ci aƙalla kilo ɗaya, galibi ma fiye. Kifi 1,000 ke nan tan guda na abinci, wato buhu mai kilo 15 kusan 70. Kuma da me ake haɗa shi? Masara da waken soya, waɗanda mu da masu kaji muke rububinsu a Dawanau, sai garin kifi da akasari da dala ake shigo da shi. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, mutane da yawa sun naɗe tamfol ɗinsu.

Ni dai ruwan ya fi damuna. Tarwaɗa akwai ci, akwai kashi. Kwana biyu ko uku ruwan ya yi kore ya fara ɗoyi, ka ga kifin sun taso sama suna rataye, sun ƙi abinci. Dole a zubar a sake. A unguwar da famfo ya shekara bai kawo ba, daga ina? Burtsatse da janareto. Ƙasan birnin Kano kuwa dutse ne, ruwan da ke ciki ba mai yawa ba ne. Kai kana zuƙa kana cika tamfol, maƙwabcinka a watan Afrilu yana jefa guga yana jin ƙarar ƙasa. Ruwan da ka zubar kuma ya bi kwata ya kwanta a ƙofar gidan mutane, sauro ya samu gida.

Ga hunturu, kifi ya rage ci, girma ya tsaya. Ga dillali, wanda ya san kowace rana ka ƙara sai ka sake ciyarwa, don haka farashin da ya yanka shi za ka karɓa, in ba kana da wurin yin banda ba.

Ba cewa nake a daina kiwon kifi ba. A kai shi inda ruwa yake, irin su Kadawa da Kura da Bunkure da ke shan ruwan madatsar Tiga, inda ruwan da aka zubar zai shiga gonar tumatir ko shinkafa ya zama taki. Can ɗin ma ba sakaka ba. Tun da aka gina Tiga a 1974 ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kuma masuntan can da wannan ruwan suke ci da iyalinsu.