"Ai a kwamfutata tana aiki": inda masu rubuta manhajar kwamfuta ke tuntuɓe

Da wuya mako ya wuce ba tare da wani matashi mai koyon rubuta manhaja ya turo mini tambaya iri ɗaya ba, wato wane harshe ko wane kayan aiki ne ya fi dacewa da gina manhajar da ake girkawa a kwamfuta. Wani zai ce C# ya fara koyo amma an ce masa Java ta fi, wani kuma ya ce ya bar Python ya koma Electron, wato kayan aikin gina manhajar kwamfuta da fasahar shafin intanet, domin da ita aka gina VS Code da Slack da Discord. Ra'ayina a kan wannan tambaya bai cika yi wa masu tambayar daɗi ba. A shekarun da na yi ina rubuta wa shaguna da makarantu da ƙananan ofisoshi manhaja, ban taɓa ganin aikin da ya rushe saboda harshen da aka zaɓa ba. Abin da ke rusa aiki shi ne tazarar da ke tsakanin kwamfutar mai rubutu da kwamfutar mai amfani, kuma mafi yawan matsalolinmu na yau da kullum a cikin wannan tazara suke zaune.

Mai gina shafin intanet yana da wata gata da ba kasafai yake lura da ita ba: sabar da shafin ke zaune a kai tana hannunsa, idan ya gyara kuskure da safe, kowa zai ga gyaran kafin azahar. Mai manhajar kwamfuta kuwa, da zarar ya miƙa aikinsa, ya shiga gidan da bai san lungunansa ba. Bai san wace Windows ce a ciki ba, bai san ƙarfin injin ba, bai san sau nawa ake ɗauke wuta a rana ba, bai kuma san irin abin da yaron shago zai danna idan ciniki ya yi zafi ba. Ganin manhaja tana aiki a kwamfutarka ganin Dala ne kawai, shiga birni na gaba.

Zan fara da wuta, domin ita ce ta fara koya mini darasi. Na taɓa rubuta wa wani shagon sayar da magani manhajar lissafin kaya, kuma saboda son sauƙi sai na sa tana adana komai a fayil guda, duk lokacin da aka yi ciniki ta buɗe shi ta sake rubuta shi daga farko. Watanni ta yi tana aiki lafiya. Rannan aka ɗauke wuta daidai lokacin da take rubutu, kwamfutar kuma ta tebur ce marar batir, sai fayil ɗin ya tashi rabi a rubuce rabi babu. Laifin nawa ne tsaf. Buɗe fayil don a sake rubuta shi yana share abin da ke ciki kafin sabon ya shiga, saboda haka akwai ɗan lokacin da tsohon ya tafi sabon bai iso ba, kuma a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, ko ba daɗe ko ba jima sai an dace da wannan lokaci. Maganin sananne ne: a rubuta sabon bayani a wani fayil na wucin gadi, a tabbatar ya sauka a faifai, sannan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Wanda ya fi wannan shi ne a bar wa rumbun bayanai aikin baki ɗaya. SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da ke zaune a fayil guda, wanda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, an gina shi ne a kan ƙa'idar cewa canji ko dai ya shiga gaba ɗaya ko kada ya shiga sam. Idan ka haɗa rage kaya daga sito da rubuta rasit a cikin mu'amala ɗaya, ba za ka wayi gari ka tarar an rage kaya babu rasit ba.

Sai dai ina gargaɗin masu ɗaukar fayil ɗin SQLite su ajiye a foldar da kwamfutoci uku ko huɗu ke rabawa ta hanyar sadarwar ofis. Masu SQLite da kansu sun yi kashedi a kan haka, domin kulle fayil ta wannan hanya ba abin dogaro ba ne. Idan masu karɓar kuɗi sun wuce ɗaya, lokacin PostgreSQL, rumbun bayanan da aka gina don kwamfutoci da yawa su yi aiki da shi tare, ko makamancinsa ya yi.

Matsala ta biyu ita ce daskarewa. Mai shago ya danna maɓallin fitar da rahoton wata, sai allon ya yi fari, Windows ta rubuta cewa manhajar ba ta amsawa, shi kuma ya kashe ta da ƙarfi yana cewa ta lalace. A mafi yawan lokuta ba ta lalace ba, aiki take yi. Kowace manhaja mai taga tana da babban zare (thread) guda, wato layin aiki ɗaya da ke bin umarni ɗaya bayan ɗaya, wanda aikinsa shi ne sauraron dannawa da zana abin da ke allo, kuma idan ya yi kimanin daƙiƙa 5 bai karɓi saƙo daga Windows ba, sai ta ɗauka ya suma. Duk wanda ya ɗora wa wannan zare aiki mai nauyi, kamar karanta layi dubu hamsin ko jiran amsa daga intanet mai rauni, ya mayar da mai tsaron ƙofa ɗan dako. Ana kai aiki mai nauyi wani zare ne daban, sannan a dawo da sakamakon ta hanyar da kayan aikin suka tanada, kamar async da await da suka shigo C# a 2012, ko tsarin sigina na Qt, wani kayan aikin gina manhaja mai taga. Kada kuma zaren baya ya taɓa abin da ke allo kai tsaye, domin irin wannan kuskure yakan ɓuya a kwamfutarka ya bayyana a ta wani.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma shi ne na fi son mu tsaya a kai, shi ne yadda manhajojin da Hausawa suka rubuta wa Hausawa ke kasa ɗaukar sunayen Hausawa. Ka rubuta Ɗanladi ko Ƙasimu, ka adana, ka buɗe, sai ka tarar da alamar tambaya ko wasu baƙin haruffa a gurbin harafin farko. Dalili shi ne ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, babu su a tsohon tsarin haruffa na Windows-1252 da kwamfutoci masu Turanci ke komawa gare shi idan ba a faɗa musu wani ba. Unicode, kundin haruffan harsunan duniya, ta ba su gurbi tun tuni, kuma UTF-8, hanyar adana haruffanta da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ɗaukar su lafiya lau, amma sai ka ambace shi a fili a duk inda rubutu zai shiga ko ya fita. A Python, idan ka buɗe fayil a Windows ba ka faɗi tsarin haruffa ba, nau'o'in da aka fi amfani da su suna bin na kwamfutar ne. A SQL Server, rumbun bayanan Microsoft, ginshiƙi mai nau'in nvarchar ne ke riƙe waɗannan haruffa ba tare da wani shiri na musamman ba. Idan kuma ka fitar da CSV, wato fayil ɗin jadawali da ake raba ginshiƙansa da waƙafi, don a buɗe a Excel, Excel ɗin yakan buƙaci wata 'yar ɓoyayyar alama da ake kira BOM a farkon fayil kafin ya gane UTF-8 ne.

Ko bayan an adana sunan daidai, da sauran rina a kaba. SQLite yana ɗaukar babban harafi da ƙarami a matsayin ɗaya wajen bincike ne kawai a haruffan Turanci, don haka wanda ya nemi "ƙasimu" ba zai samu "Ƙasimu" ba. Ga kuma gaskiyar cewa yawancin mutane ba su da waɗannan haruffa a madannansu, za su rubuta Kasimu ne kurum. Abin da nake yi shi ne in ajiye sunan yadda aka rubuta shi, in kuma ajiye kwafi na biyu da aka mayar ƙananan haruffa aka cire lanƙwasa, bincike ya riƙa bi ta kansa. Sannan akwai alamar ɗauri da ke cikin Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il. Duk manhajar da ta faɗi saboda an rubuta Sa'adatu ta tona wa mai ita asiri cewa yana liƙa abin da aka rubuta kai tsaye a cikin umarnin SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, kuma ƙofar da wannan suna ya bi ya kayar da ita, ita ce mai mugun nufi zai bi ya kwashe bayanai ko ya goge su. Na ga wanda ya ce ya gyara matsalar ta hanyar hana rubuta alamar gaba ɗaya. Wannan rufe ido ne, kuma cin fuska ne ga masu sunan. Gyaran gaskiya shi ne a miƙa wa rumbun bayanai umarni daban, ƙimomi daban, kuma duk harsunan da na ambata suna da hanyar yin haka cikin layi biyu.

Lambobi ma suna da nasu tarkon. Kwamfutar da aka saita da Faransanci, irin wadda za ka tarar a Maraɗi ko Damagaram, tana rubuta ɗaya da rabi da waƙafi, wato 1,5, alhali ta Kano tana rubuta 1.5, kuma Excel ɗinta yana raba ginshiƙan CSV da waƙafi mai ɗigo. Manhajar da ta dogara da saitin kwamfuta wajen adana lambobi za ta rikice ranar da ta tsallaka iyaka. Haka kwanan wata: 03/04 uku ga Afrilu ne a wurinmu, huɗu ga Maris ne a kwamfutar da aka bari da saitin Amurka, kuma kwamfutoci 'yan gwanjo da yawa da wannan saiti suke zuwa. A adana kwanan wata da tsarin shekara, wata, rana na ISO 8601, a bar saitin kwamfuta ga abin da ake nunawa a allo kaɗai. Kuɗi kuwa kada a kuskura a adana shi a lamba mai yawo (float), wato nau'in lamba mai ɗigo da kwamfuta ke adanawa da kusantarwa, domin a can 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. A ƙidaya shi da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ko a yi amfani da nau'in decimal.

Batun girkawa ba zan daɗe a kansa ba. Kwamfutarka cike take da kayan da ka girka tun shekarun baya ka manta, shi ya sa saƙon cewa ba a samu MSVCP140.dll ba, wato wani fayil na Microsoft da manhajoji da yawa ke dogaro da shi, yake fitowa a wurin mai saye kawai. Tun zamanin Windows Vista ba a barin manhaja ta yi rubutu a cikin foldar Program Files ba tare da izinin mai gudanarwa ba, foldar AppData ce mazaunin bayananta. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, amma har yanzu ina tarar da ita a shaguna, kuma Python daga 3.9 zuwa sama ba ya aiki a kanta. Tambayi mai saye irin kwamfutarsa kafin ka rubuta layin farko, sannan ka gwada aikinka a sabuwar Windows da babu komai a cikinta. A nan ne kaɗai zaɓin kayan aiki yake da nauyi a wurina: Electron yana tafe da cikakken Chromium, wato burauzar da aka gina Chrome a kanta, a cikinsa, kuma tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 tana jin wannan nauyi.

Duk da haka, komai taka-tsantsan ɗinka sai an kira ka wata rana an ce "abin ya ƙi yi", kuma wannan shi ne iyakar bayanin da za ka samu. Ba na ganin laifin mai kiran, ba aikinsa ba ne ya san abin da ya faru a ciki. Aikinka ne ka sa manhajar ta riƙa rubuta tarihin abin da take yi a wani fayil, tare da lokaci, da nau'in manhajar, da cikakken bayanin kowane kuskure, ka kuma sa maɓallin da zai ba mutum damar turo maka fayil ɗin ta WhatsApp. Ɗabi'ar da na fi ƙi a sana'ar nan ita ce a kama kuskure a haɗiye shi shiru don kada mai saye ya ga saƙo mai ban tsoro. Mai yin haka ya sayi kwanciyar hankalin yini ɗaya da wahalar wata guda, domin ranar da lissafi ya ƙi daidaita ba shi da inda zai fara nema.

Wata makaranta ta taɓa kirana cewa kuɗin da aka karɓa ranar Litinin ya ɓace daga rahoto, har an fara yi wa mai karɓar kuɗin kallon zargi. Na kwana biyu ina bin lissafin rahoton layi bayan layi ban ga aibi ba. Da aka turo mini fayil ɗin tarihi, sai na ga a tsakiyarsa kwanan wata ya yi tsalle ya koma shekaru da dama baya, ya yi awanni a can, sannan ya dawo daidai. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta, CR2032, shi ne ya mutu, saboda haka duk lokacin da aka kashe ta aka cire ta daga wuta sai agogon ya rikice, har sai an haɗa ta da intanet ta gyara kanta. Kuɗin na nan a rumbun bayanai bai yi ciwon kai ba, an dai rubuta shi ne a ƙarƙashin wata shekara da makarantar ba ta ma sayi kwamfutar ba. Aka sauya batiri, na gyara kwanakin da hannu, na kuma ƙara layuka kaɗan da ke sa manhajar ta ƙi karɓar kuɗi idan ta ga agogon kwamfuta yana bayan kwanan rasit ɗin ƙarshe, ta nemi a gyara shi tukuna.