Ƙwaƙwalwa Tana Buƙatar Furotin a Bisa Awo

A duk inda ƙwayar jijiya ɗaya take miƙa saƙo ga 'yar'uwarta akwai wani cunkoson furotin da aikinsa shi ne riƙe masu karɓar saƙon a mazauninsu, kamar yadda ginshiƙai suke riƙe da rufi. PSD-95 da Homer da dangin SHANK suna cikinsu. Ba su ɗaukar saƙo da kansu, amma idan suka yi rauni mahaɗar takan lalace. Ra'ayina shi ne masu neman maganin cututtukan ƙwaƙwalwa su mayar da hankali ga yadda jiki yake ƙayyade yawan waɗannan furotin, domin a nan matsalar take.

A dubi ƙwayar gado ta SHANK3, wadda take ɗauke da umarnin ƙera ɗaya daga cikin furotin na dangin SHANK, take kuma kan kiromosom (wato ƙunshin ƙwayoyin gado) na 22. Yaron da ya rasa kwafi ɗaya daga cikin biyun da ya gada yakan kamu da larurar Phelan-McDermid, wadda take zuwa da jinkirin magana da sanyin gaɓoɓi, sau da yawa har da galahanga. Mutum zai ɗauka cewa ƙari shi ne magani. Amma a 2013 ɗakin binciken Huda Zoghbi a Amurka ya nuna cewa ɓerayen da aka ƙara musu yawan wannan furotin sun zama marasa natsuwa, suna kai-kawo ba ƙaƙƙautawa, wasu har da farfaɗiya. Haka abin yake ga wata ƙwayar gadon mai suna MECP2: tawayarta tana haddasa larurar Rett, ninkuwarta kuma tana kawo wata larurar mai tsanani.

Shi ya sa nake jin tsoron gaggawar cusa ƙwayar gado a ƙwaƙwalwa ba tare da linzamin da zai tsayar da ita ba. Ƙwayar jijiya tana karanta SHANK3 daga mafarai daban-daban, wato wuraren da ake soma karanta umarninta, tana fitar da nau'o'i da suka bambanta daga wannan sashen ƙwaƙwalwa zuwa wancan, kuma alamomin sinadari da suke manne wa DNA suna rufe wasu mafaran.

Akwai dalilin sa rai. A 2016 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun kunna SHANK3 a ɓerayen da aka haifa da ita a kashe, bayan sun riga sun girma, ta hanyar linzaminta na asali, sai cuɗanya da 'yan'uwa ta gyaru, yawan lasar jiki da yake ji musu rauni ya ragu. Fargaba da tangarɗar motsi kuwa ba su gyaru ba sai a waɗanda aka kunna musu tun suna ƙanana, saboda haka gano larurar da wuri ya cancanci kuɗin bincike daidai da maganin kansa.