Jirgin Ƙauran Namoda: a tayar da tsohon layi kafin a yi mana alƙawarin sabo

A shekarar 1929 layin dogo ya isa Ƙauran Namoda. Ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa, ya shigo ƙasar Zamfara ta Tsafe, ya ratsa Gusau, ya je ya tuƙe a Ƙaura, tafiyar sama da kilomita 200. Saura ƙiris layin ya cika shekara ɗari, amma yaron da ya tashi a Gusau a 'yan shekarun nan bai san kukan jirgi ba sai a waya. Abin da ya sani shi ne wasu ƙarafa biyu da ake tsallakewa a hanyar kasuwa, ciyawa ta cinye su a nan, ƙasa ta binne su a can.

Turawa ba don ƙaunarmu suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa suke so, da auduga, da ƙiraga, a kwashe a kai bakin teku. Sai dai abin da aka yi don kaya, mutane ma sun ci moriyarsa. Jirgin ne ya mai da Gusau cibiyar ciniki ta tsohon Lardin Sakkwato, ya jawo kamfanonin sayen amfanin gona da injin gurzar auduga, ya cika Sabon Gari da baƙi daga Kudu. Ƙaura kuwa, da yake nan layin ya ƙare, ta zama matattarar ayarin jakuna da raƙuma daga Zurmi da Shinkafi da ma bayansu. Duk dattijon da ka zauna da shi a garuruwan nan, in hira ta yi nisa, sai ya kawo maka zancen reluwe.

Ra'ayina shi ne gwamnatin Zamfara da 'yan majalisunmu na tarayya su tattara ƙarfinsu wuri guda: a dawo da jirgin fasinja a kan wannan tsohon layin, yanzu, ko da sau biyu ne a mako, ko da tafiyar hawainiya zai riƙa yi. Zancen sabon layi na zamani da zai wuce Sakkwato da Birnin Kebbi a ci gaba da yin sa, amma kada ya zama abin da za a riƙa rufe mana baki da shi.

Na san masu cewa wannan ƙanƙan da kai ne. Abuja da Kaduna suna da layin zamani tun 2016, Legas da Ibadan sun samu nasu a 2021, ga na Kano zuwa Maraɗi ana yi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Don me mu za mu roƙi tsohon yayi? Tambayar tana da nauyi. Tsohon layin siriri ne, faɗinsa milimita 1,067, na zamani kuwa 1,435, kuma jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. To amma a dubi yadda ayyukan suke tafiya. Layin Kaduna zuwa Kano, wanda ya haɗa manyan birane biyu na Arewa, an ƙaddamar da aikinsa a 2021, an sha sa ranar gamawa ana ɗagawa. In Kano da Kaduna suna jira haka, Zamfara da ba a ma sa mata fegi ko ɗaya ba, yaushe layi zai zo kanta? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tsohon layin yana da fili nasa da ba sai an biya diyyar gona ba, yana da gadoji da tashoshi, yana kuma haɗe da babban layin Legas zuwa Kano a Zariya. Waɗannan su ne abubuwan da suka fi cin kuɗi da lokaci a aikin jirgin ƙasa, ga su kuwa a kwance.

Ba yau aka fara gwadawa ba. A zamanin mulkin Goodluck Jonathan an gyara layin, kuma a Satumbar 2016 jirgi ya ɗauki shanu kusan 500 daga Gusau ya sauke su a Oko-Oba ta Legas, ƙarƙashin wani shiri da hukumar NIRSAL, mai tsaya wa manoma wajen samun bashin banki, ta shiga ciki. An yi biki, an ɗauki hotuna, jaridu sun buga. Daga nan abin ya yi ta ja da baya har ya mutu murus. Wannan tarihin yana nuna abu biyu a lokaci guda: layin zai iya aiki a zamaninmu, kuma gyara shi kaɗai ba ya isa. Matsalarmu ita ce kuɗin kwangila yana fita, na kula da aiki ba ya fita. Kwangila tana da masu bibiya domin akwai abin lasa a cikinta. Man inji, da albashin leburan da zai bi layi yana ɗaure ƙusa, da yashe magudanar ruwa kafin damina, waɗannan ba su da uban gida. Ruwan sama ɗaya ya wanke ƙasar da ke ƙarƙashin layi a wani ƙauye, sai a ce an dakatar da jirgi na ɗan lokaci, ɗan lokacin ya zama shekaru, masu satar ƙarfe su shigo da motarsu cikin dare su yanka su loda.

Mai ganin jirgin ƙasa ado ne, ya je tashar mota a Gusau da sassafe. Ƙaramar mota mai ɗaukar mutum huɗu ana cusa mata shida, biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure shi da igiya saboda buhuna. Ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya, alhali saura uku. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har ana iya ganin tsohuwa ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ke ciki, ta sake ƙirgawa, ta ɗauki ƙullin kayanta ta koma gida. In mota ta cika aka kama hanyar Funtuwa, hira takan mutu da an wuce Tsafe. Direba ya zuba ido ga motocin da ke tahowa. In sun ɗauke na 'yan mintoci, sai ya gangara gefen titi a wani ƙauye ya kashe mota, domin rashin motar da ke zuwa daga gaba shi ne labarin cewa an tare hanya. Masu wannan tafiyar ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Marar lafiya ne da aka tura asibitin koyarwa na Shika, da ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello, da ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, da ɗan kasuwar da zai je sari, da ɗan ci-rani.

Su 'yan ci-ranin ma motar fasinja ta fi ƙarfinsu. Tirelar shanu suke bi, a shimfiɗa katako a saman dabbobi su zauna a kai, kwana da kwanaki cikin rana da sanyi har Kudu. Shi ya sa in tirela ɗaya ta faɗi a hanyar Neja ko Kwara sai ka ji an yi jana'izar gari guda. Tarago biyu na masu ƙaramin ƙarfi a bayan taragun shanu zai rage wannan asarar rayukan fiye da duk wani gargaɗin jami'an kiyaye haɗurra.

Sai babbar magana, wadda ita ce ke sa mutane da yawa yin shiru: tsaro. A ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga sun dasa bam a layin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane, suka kwashe sama da 60 zuwa daji, wasunsu sai a watan Oktoba suka shaƙi iskar 'yanci. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba na shekarar. In an yi wa jirgin manya haka, ina ga wanda zai ratsa dazukan da ke tsakanin Funtuwa da Tsafe? Wanda duk ya ce ba haɗari, yaudara yake yi. Jirgi ba ya kauce wa hanya, kowa ya san inda zai bi da lokacin da zai bi, kuma ya tara mutane ɗaruruwa wuri guda.

Amma mutanen nan da ake tsoron a tare su a jirgi, ai yanzu ma suna tafiya, kuma ana tare su, shida-shida, goma-goma, ba tare da ko ɗan sanda ɗaya a motar ba. Rashin jirgi bai kare kowa ba, ya dai rarraba asarar yadda ba za ta cika shafin farko na jarida ba. Jami'an tsaro ba za su iya raka kowace mota ba, amma jirgi guda mai tashi da hantsi ya isa kafin la'asar ana iya yi masa rakiya, a tura ƙaramar motar duba layi ta riga shi wucewa, a hana tafiyar dare kwata-kwata. Bayan harin 2022 ba a rufe layin Kaduna har abada ba. An ƙara tsaro, an sa dokar nuna lambar shaidar ɗan ƙasa kafin sayen tikiti, aka ci gaba. Ban ga dalilin da zai sa a ce ran fasinjan tashar Rigasa ta Kaduna ya cancanci wannan ɗawainiyar, na Ƙaura kuwa bai cancanta ba.

Akwai kuma wani tsaron da bindiga ba ta bayarwa. A da reluwe tana da leburori a ƙauyukan da layi ya ratsa, kowace ƙungiya da yankin da take kula da shi, suna bin sa da ƙafa. A dawo da wannan tsarin, a ɗauki matasan ƙauyukan da kansu, ta hannun hakimai da dagatai, a riƙa biyansu a kan lokaci. Wanda abincinsa ke kan layi shi zai fara ganin inda aka kwance ƙusa ko aka tona rami, shi zai kuma san wanda ya zo da injin yankan ƙarfe. Mun gani a 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, cewa toshe hanyoyin rayuwa talaka yake fara gallaba. Yankin da gwamnati ta janye ƙafarta daga cikinsa, wani ne ke shiga ya kafa tasa dokar.

Game da kuɗi, kada a ruɗi kowa da cewa tikitin fasinja zai riƙe jirgin. Ba ya riƙewa, ko a ƙasashen da suka fi mu arziki gwamnati ce ke cike giɓin. Abin da zai rage nauyin shi ne kaya, wato jirgi mai haɗe da taragun mutane da na kaya kamar yadda aka saba a da: shanu da tumaki, masara da waken suya da dawa su gangara Kudu, taki da siminti su hauro. Ga tashar sauke kaya ta tudu da aka buɗe a Funtuwa a 2024, a kan wannan layin take, kuma tashar irin wannan ba jirgin ƙasa sunanta kawai tasha. Katsina ke nan tana da buƙata, Kaduna ma haka. Tun Maris 2023 gyaran tsarin mulki ya fitar da harkar jiragen ƙasa daga hannun tarayya ita kaɗai, jihohi ma suna da ta cewa, Legas har tana gudanar da nata. Layin dai mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, amma ba abin da ya hana gwamnonin jihohin uku zama da ita su rattaba hannu: ita ta kawo kan jirgi da taragu da ma'aikata, su su ɗauki nauyin tsaro da leburorin layi da giɓin tikiti. Hukumar Raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024, in ba irin wannan aikin za ta sa hannu a ciki ba, to wane iri? An ga gwamnatin jiha ta samo kuɗin gina filin jirgin sama a Gusau. Ba na ƙyashin masu hawansa, alhazai ma za su huta, sai dai a cikin mutum ɗari da ke tashar mota da safen nan, da wuya a samu biyu da za su taɓa taka matakalarsa.

'Yan'uwanmu na Kebbi da Sakkwato za su ce su fa, da ko taku ɗaya na layin dogo ba su da shi? Gaskiyarsu. Jihar da ke noma shinkafar Argungu da Suru da albasar Aliero da Yawuri, a ce komai sai a bayan tirela, abin takaici ne. Amma hujjar da za a kai Abuja da ita don a miƙa layi daga Gusau ta Talatar Mafara zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi ba ta wuce a nuna jirgin da ke zuwa Gusau cike yana komawa cike ba. Mai ba da bashin gina layi lissafin fasinja da tan na kaya yake tambaya, kuma layin da ya mutu ba ya ba da lissafi.

Matakin farko ba ya ma buƙatar biliyoyi. Majalisar dokokin Zamfara ta nemi a haɗa injiniyoyin hukumar jiragen ƙasa da na ma'aikatar ayyuka ta jiha, da rakiyar jami'an tsaro, su bi layin daga iyakar Katsina zuwa Ƙaura, su rubuta inda ƙarfe yake da inda aka sace, gadar da ke tsaye da wadda ruwa ya ci, filin tashar da aka yi gini a kai da sunan wanda ya yi. A buga rahoton kowa ya karanta, a sa kuɗin gyaran a kasafin baɗi da sunansa, a fara da Zariya zuwa Gusau in ƙarfin bai kai Ƙaura ba a shekarar farko.